Yadda Na Taya Kaza Hawa Katanga

Duk wanda ya ba da labarin karayata a unguwarmu bai faɗe shi daidai ba. Mata a gidan suna sun ce keke ne ya kayar da ni har sau biyu, wai abin da ake gudu ke nan idan mace ta ɗare sirdi. Abokan Baba na kasuwar hatsi sun ce tsohon maɗorin nan na wajen Birchi ne hannunsa ya fara rawa, ya ɗora ƙashi a karkace. Inna kuwa ta fi yarda da cewa bakin mutane ne ya kama ni. To, ba ko ɗaya. Karayar farko igiyar maraƙi ce ta jawo ta. Ta biyu ni na yi wa kaina, da turmi da kaza, kuma ina cikin hankalina. Na gaji da jin ana zagin tsohon da bai yi komai ba, shi ya sa nake rubuta wannan a waya da babban yatsan hagu, tunda hannun dama yana rataye a wuya.

Wasan da nake yi kashi uku ne a jere: ki faɗa ruwa ki yi iyo, ki fito ki hau keke, ki sauka ki ruga da ƙafa, babu hutu a tsakani. Yana da sunansa na Turanci, amma mu uku-a-jere muke ce masa. Malamarmu ta motsa jiki a sakandare ce ta kawo mana shi bayan ta yi ritaya. Ta san ina gudu tun ina aji biyu, ta kuma san na iya ruwa, domin a bakin dam na yi ƙuruciya wajen kakata, cikin masunta, kafin a dawo da ni cikin garin Dutsin-Ma. Mu biyu ta riƙe, ni da wata ƙawata doguwa wadda ta fi ni ruwa, na fi ta keke. Dogon wando muke sawa da riga mai dogon hannu da ƙaramin hijabi mai kama kai, har a cikin ruwan. Baba ya yarda ne bisa sharaɗi biyu: Malama na biye da mu a tsohuwar motarta duk inda muka yi, kuma kada mu sauka daga kwalta mu shiga hanyar daji.

A wannan daminar aka ce za a yi zaɓe a Katsina, a ɗauki matan da za su wakilci jiha. Shekara biyu ina jiran wannan rana. Saura kwana arba'in cif abin ya faru.

Da hantsi ne, muna atisayen keke a kan hanyar Kurfi, na ba ƙawata rata mai kyau. Wani maraƙi ya tsinke daga turke ya ƙetara titi a guje. Shi na kauce masa sarai. Igiyar da yake ja a baya ce ban gani ba, ta naɗe tayar gaba. Kafin in ce wani abu ina ƙasa a kan kafaɗar dama, na ji ƙas, kamar an karya busasshen kara. Ƙashin nan da ke kwance tsakanin wuya da kafaɗa ne ya rabu biyu, har ana ganin tudunsa ta cikin riga. Abin da na fara tambayar Malama shi ne ko keken ya lanƙwashe. Ta ce in rufe mata baki.

Da yake mun fi kusa da Kurfi, gidan Goggo aka kai ni, yayar Baba, wadda ke zaune ita kaɗai da kajinta da awakinta tun rasuwar mijinta. Kafin Baba ya iso daga kasuwa har ta aika an ɗauko maɗorin a kan babur. Tsoho ne siriri, makiyayi ne a da, yatsunsa kamar saiwa. Ya dube ni, ya dubi wandon da ke jikina, ya ce ashe yau 'yar tsere Allah ya kawo masa. Ya ce wannan ba wurin ɗaura kara ba ne. Ya sa Goggo ta riƙe ni ta baya, ya yi bisimilla, ya ja kafaɗuna biyu baya a hankali har na ga duhu, ya shafa man shanu, ya naɗe ni da farin ƙyalle ta ƙarƙashin hammata biyu ya gicciya a baya. Hannun kuma ya rataye min shi a wuya da ɗankwalin Goggo.

Sannan ya ce a kamo masa kaza, amma wadda ta saba kwana a sama. Goggo na da wata ja, uwar rigima, wadda ba ta shiga akurki, kullum magariba sai ta tashi fir ta haye katangar madafa, katangar da ta fi tsawon mutum. Aka kamo ta. Na ɗauka yankawa za a yi a yi mini farfesu. Sai ya buɗe fiffikenta na dama ya fige dogayen gashin, ɗaya bayan ɗaya, ya sake ta.

"Ranar da ta hau wurin kwananta da kanta," in ji shi, "a kwance miki ɗorin. Ko ba na nan, Hajiya ta kwance. Kafin ranar, hannun nan ba naki ba ne."

Na ce kwana nawa ke nan. Ya ce in tambayi kazar.

Baba ya yanke cewa a Kurfi zan yi jinya. Ya faɗa a gabana cewa a gida babu mai iya zaunar da ni, amma yayarsa ko shi tana zaunar da shi.

Ban san zama aiki ba ne sai a gidan nan. Ni da na saba kafin rana ta yi zafi na je Kurfi na dawo, sai ga ni daga tabarma sai gindin bishiyar bedi, daga gindin bedi sai tabarma. Ba na iya kwanciya sai a jingine. Goggo ke yi mini wanka kamar jaririya, ita ke ɗaura mini zane, tana mita wai jikina duk ƙashi ne da jijiya, babu inda za a kama. Cin tuwo da hagu ya sa na tsani tuwon. Ƙafafuna kuwa lafiyarsu lau, kuma ba su san an yi karaya ba, ƙaiƙayi suke mini daga ciki. Na ƙirga takun tsakar gidan: goma sha huɗu daga zaure zuwa rijiya. Ina zuwa ina dawowa har sai Goggo ta ce in zauna, ina sa awakinta juwa.

Ƙawata na turo mini saƙo kullum bayan sun tashi, da kyakkyawar niyya, tana gaya mini tazarar da ta yi a ruwa. Sai in karanta in kife wayar. Malama ta zo duba ni a kwana na goma, ta kawo lemo da ayaba, ta faɗa mini abin da ba na son ji. Ta ce in cire wannan zaɓen daga raina, akwai wani bayan kaka, shi za mu sa a gaba. Na ce bayan kaka ai wata huɗu ne. Ta ce ta iya ƙirga wata. Na ce idan aka kwance ni da wuri fa? Ta ce idan maɗori ya sallame ni, sai mu gani. Wannan "sai mu gani" na riƙe, na watsar da sauran maganar.

Daga ranar na koma gadin kaza. Na san lokacin da take sha, na san inda take birgima. Ina ware mata tsakin gero da kan kifi daga abincina, ko gashin zai yi sauri. Kullum magariba sai ta zo gindin katanga, ta karkata kai ta dubi sama, ta durƙusa, ta yi tsalle, ta wantsala gefe guda ta faɗo a ƙasa tana kyarkyara. Sai ta haƙura ta lafe bayan randa. Na kama ta sau biyu da hannu ɗaya ina duba fiffiken. Wasu 'yan tsinkaye ne suka fito, shuɗaye, ko rabin yatsa ba su kai ba. Goggo ta gan ni ta ce, "Ke kau mi kike nema jikin kazar nan? In kin ƙosa ki ara mata naki." Na ce ni ban yarda da wannan camfin ba, mene ne haɗin ƙashin mutum da fiffiken kaza. Ta ce da shi aka ɗora Babana yana yaro lokacin da ya faɗo daga kan jaki, ga shi nan yana ɗaga buhu har yau.

Wajen kwana ashirin ciwon ya lafa. Ina iya ɗaga kofi, ina iya motsa kafaɗar kaɗan a cikin ƙyallen idan Goggo ba ta kallo. A lissafina na warke, kaza ce kawai ta makara.

Ranar kwana ashirin da huɗu aka yi ruwa da rana, Goggo ta jingina itacen girki a jikin katangar madafa don ya sha iska, tulin ya kai ƙugu. Ina zaune ina kallonsa, sai idona ya kai kan turmi. Ban yi dogon tunani ba, dama ba na yi. Da aka kira magariba Goggo ta shiga ɗaki ta tayar da salla, na mirgino turmin da ƙafa, na kafa shi da gwiwa da hannun hagu kusa da itacen, na ɗora kwandon wanke-wanke a kife a saman itacen. Na barbaɗa gero a bakin turmi, na barbaɗa a kan itace. Kazar ta zo, ta dube ni, ta haye turmi. Daga turmi ta haye itace, daga itace kwando, daga kwando tsalle ɗaya ta kama bakin katanga tana bugun iska da fiffike ɗaya da rabi. Ta gyara zama kamar ba a taɓa raba ta da wurin ba. Na mayar da turmi inda yake, na sauke kwando, na share geron da tafin ƙafa, na je na yi alwala.

Goggo ta fito da carbi a hannu, ta ɗaga kai ta tsaya. Ta daɗe tana kallon kazar. Ta ce ita dai ba ta taɓa ganin wadda ta hau ƙasa da kwana arba'in ba. Na ce ai kin ce jikina ba irin na mutane ba ne. Ta dube ni, ta sake duban katanga. Abin da ya fi damuna yanzu shi ne na ga shakka a fuskarta ƙarara, amma ta fi yarda da kazar a kan idonta. Tun tana yarinya ba ta taɓa jin kaza ta yi ƙarya ba. Da safe ta yi bisimilla ta kwance ni, ta shafa mini man shanu, har da 'yar ƙwallarta, ta ce Allah ya ba ɗiyarta ƙashin kirki.

A ranar na hau mota zuwa Dutsin-Ma. Na gaya wa Baba da Malama cewa kaza ta hau, an sallame ni. Ban yi ƙarya a kalma ko ɗaya ba, kuma na san abin da nake yi. Malama ta matsa wurin da yatsa, na danne numfashi na ce ba zafi. Ta ce gudu kawai, na kwana uku. Na yi gudu, kowane taku yana amsawa a kafaɗa, na ce wannan tsamin zama ne. A rana ta huɗu na hau keke. Duk ramin da taya ta faɗa sai na ji shi har cikin haƙori, na riƙa sakin hannun dama ina tuƙi da hagu idan motar Malama ta ɗan yi nisa. Saura kwana goma zaɓe na ce mata ruwa fa. Ta ce a'a. Na dame ta da safe, na dame ta da yamma a waya, na ce ba zan je Katsina in nutse a gaban mutane ba don ban gwada ba. Ta gaji ta ce to, a gefe, inda ƙafa ke taɓa ƙasa.

Dam ya cika ya yi ja saboda ruwan sama. Na shiga, sanyin ya ratsa ni, na ji daɗin da na yi wata ban ji ba. Ban tsaya a gefen ba. Na miƙa hagu na ja, na miƙa dama na ja, na sake, har na wuce inda aka ce. A ja na shida ko na bakwai na ɗaga hannun dama sama da kai da ƙarfi, irin yadda na saba. Wannan karon ban ji ƙara ba. Hannun ne kawai ya daina zama nawa, ya saki, wuta ta kama mini daga wuya zuwa yatsu. Na buɗe baki zan yi ihu ruwa ya shiga. Ƙawata ce ta cafko ni ta hijabi ta ja ni a rigingine har gaɓa. Malama ta shigo ruwa da zanenta da takalminta har ƙirji. Su biyu suka tallabe ni zuwa mota.

Asibiti aka kai ni, aka ɗauki hoton ƙashi. Likitan ya nuna wa Baba inda sabon ƙashi ya fara haɗuwa, da inda ya sake tsagewa a daidai wurin. Ya ce ɗorin farko ya zauna daidai, lokaci ne bai kai ba. Ya ce irin wannan ƙashin yana son mako shida zuwa takwas, yanzu kuma tunda karo na biyu ne sai an fi haka haƙuri. Baba bai ji rabin farko na maganar ba. Abin da ya riƙe shi ne an kwance 'yarsa kafin lokaci. Ya kira Goggo a waya ya yi mata faɗan da ban taɓa jin ya yi wa yayarsa ba, ya ce tsohon nan ya rufe sana'a ya huta. Ya ɗauki kekena ya kai shago ya kulle a bayan buhunan masara. Ina zaune a wurin, na ji komai, na bar laifin a kansu.

Ranar zaɓe ƙawata ta tafi Katsina, aka ɗauke ta. Na yi mata murna a waya, na shiga bayan gida na yi kukana. Bayan nan kuma sai lissafi ya hana ni sakat. Mako shida kwana arba'in da biyu ne. Goggo ta ce ba ta taɓa ganin kaza ta hau ƙasa da arba'in ba. Na juya abin nan ta kowace fuska, amsa ɗaya yake ba ni.

Mako guda bayan zaɓen na ce wa Inna zan je Kurfi. Na tarar da Goggo ta rame, kuma ta aika wa tsohon cewa tana neman gafara idan ita ta yi kuskure a kwancewar, shi ya sa ya zo da kansa a ranar da la'asar. Suna zaune a gindin bedi, na tsaya a gabansu na faɗi komai, turmi da itace da kwando da gero. Ban yi kwana-kwana ba. Goggo ta riƙe haɓa. Ta ce wato tana gaban Ubangiji ni ina bayanta ina yi wa kaza tsani. Ta ce ƙanenta ya zage ta a kan tsanin kaza. Daga nan ba ta ƙara kallona ba.

Tsohon kuwa dariya ya yi har da tari. Ya ce shekara hamsin yana ɗori, ya ga mai kwance ƙyalle a ɓoye, ya ga mai cewa kaza ta ɓata, amma bai taɓa ganin wanda ya gina mata matakala ba. Na tambaye shi kai tsaye ko akwai wani asiri a jikin kazar.

"Asirin mi, 'yar tsere? Gashi ne. In an fige shi, kwanan da yake ɗauka ya fito shi ne kwanan da ƙashi yake ɗauka ya kama. Haka na gada. In na ce wa mutum kwana arba'in, ran ashirin zai zo ya ce mini ya ƙirga arba'in. Shi ya sa nake ba kaza riƙon kwanakin."

Na ce to ai da ya faɗa mini haka tun farko. Ya ce da ya faɗa, da na zauna? 

Muna nan aka fara kiran magariba. Jar kazar ta zo gindin katanga, babu itace, babu turmi, ta karkata kai, ta buɗe fukafukai biyu cikakku ta tashi fir ta haye. Kwana arba'in da bakwai ke nan da fige ta. Da na bar ta, da yau ake kwance ni, da gobe ina gudu, kuma zaɓen bayan kaka yana hannuna. Yanzu shi ma ban tabbata zan kai ba.

Washegari na je gidan Malama na maimaita mata, na je shago na maimaita wa Baba a gaban abokansa, don su ji da kunnensu su bar tsohon ya huta. Baba ya ce in tashi in ba shi wuri, amma da yamma na ji yana waya da Goggo, muryarsa a ƙasa. Makullin keke dai bai ba ni ba. Malama ta ce ba ta kore ni ba, sai dai daga yau maganar bakina a kan jikina ba shaida ba ce a wurinta. Ta ce in kawo mata wanda za ta yarda da shi.

Likita ya rubuta mini ranar komawa hoto a takarda, amma na san kaina da takarda, zan iya karanta ta yadda nake so. Don haka ranar kasuwa zan sayi kaza mai kwana a sama, in kai wa tsohon ya fige ta, in bar ta a Kurfi wurin Goggo, ni in dawo Dutsin-Ma inda hannuna ba zai kai gare ta ba. Kafin nan tafiya kawai zan riƙa yi da ƙafa, daga gida zuwa bakin gari in dawo, hannu a wuya. Sai Goggo ta kira Malama da bakinta ta ce ta hau, hoto kuma ya yarda, sannan in je shago in roƙi makulli, in koma dam in fara daga gefe. Na kuma ce wa Goggo ta riƙa shigar da turmin ɗaki duk ranar da na zo gaishe ta.